Na fara manta muryar Babana

Tambaya:

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da rasuwar mahaifinmu. Ya bar Ummanmu da mu 'ya'yansa biyar, maza biyu mata uku, ni ce ta biyu. Har yau ba na kwana biyu ban yi kuka ba, har wasu sun fara ce mini ba ni da tawakkali. Ba na kusa lokacin da ya cika, wannan ma yana cin raina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na fara manta yadda muryarsa take, ga 'ya'yana ƙanana ne, ba su san shi sosai ba. Yayanmu ya kulle ɗakinsa, ya ce kada a taɓa komai, kuma ba ya son a yi maganar gado, wai kamar watsa gidan Baba ne. Wayarsa ma tana cikin ɗakin. Don Allah me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yi masa rahama, Ya haskaka kabarinsa, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashinsa.

Masu cewa ba ki da tawakkali sun yi miki gaggawar hukunci. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne ya yi maganar haƙuri mai kyau. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ke barin duniya, ya faɗa cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba za a furta ba sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da maganar da ke nuna rashin yarda da ƙaddara. Hawayen da ke zubo miki a kan sallaya ko cikin dare ba ya cikin wannan lissafi.

Kada kuma wani ya ce miki baƙin ciki yana da matakai biyar da dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. Likitar da ta fara kawo wannan magana a 1969, Elisabeth Kübler-Ross, marasa lafiyar da ke gab da mutuwa ta yi nazari a kansu, ba waɗanda aka yi wa rasuwa ba. Abin da aka fi gani ga wanda ya rasa nasa shi ne kai-komo: yau ki tashi lafiya lau ki yi ayyukanki har da dariya, gobe ki ji ƙamshin turare irin nasa a jikin wani ki rasa inda za ki sa kanki. Duka biyun jinyar zuciya ce, kuma ranar dariyar ba cin amanarsa ba ce.

Akwai dai iyakar da ya kamata ki sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya baƙin cikin da ya ƙi sassautawa cikin jerin larurorin da ake yi wa magani, idan ya kai aƙalla wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Ma'aunin ba yawan hawaye ba ne. Ki tambayi kanki: kina iya barci? Kina cin abinci? Kina kula da yaranki da aikinki? Zafin yana nan kamar makon farko, ko yana ɗan lafawa tsakanin ranaku? In kin ga kin janye daga mutane gaba ɗaya, ko kina rama, ko kin fara dogara da maganin barci, ki ga likita ko ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. In har tunanin cutar da kanki ko fatan ki bi shi ya taɓa zuwa miki, ki faɗa wa wani na kusa a ranar, ku tafi asibiti tare. Maganar cewa ba kya kusa da ya cika kuwa, 'yar'uwa, ajali ba ya aiko da sanarwa. Shekarun da kika yi kina yi masa biyayya ba sa gogewa saboda sa'a guda da ba ki halarta ba. In akwai abin da kike jin ba ki samu faɗa masa ba, ki mayar da shi addu'a, ki ambace shi da sunansa.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji, domin shi ne ba ya jira. Tunawa da mahaifi aiki ne da ake yi da hannu, kuma wasu sassansa wa'adinsu na ƙarewa tun yanzu.

Ki fara da wayarki, yau ɗin nan. Ki buɗe hirarki da Baba a WhatsApp, ki nemi wurin fitar da hira, ki zaɓi a haɗa da hotuna da sauti, ki tura wa kanki ta imel. Saƙonnin muryarsa kuma ki fitar da su ɗaya-ɗaya ki adana su daban, ko da gaisuwa ce ta daƙiƙa goma. Waɗannan gajerun su ne za su fi yi miki daraja nan gaba, domin a cikinsu ne za ki ji yadda yake jan sunanki, da gyaran muryar da yake yi kafin ya fara magana. Sai ki roƙi 'yan'uwanki da Umma da abokansa kowa ya duba tasa wayar. Mutane suna canja waya, suna share hira don samun wuri, waya tana faɗawa ruwa ko a sace ta, kuma kowane wata da ya wuce wani abu yana salwanta ba tare da kowa ya lura ba. Bidiyon taron dangi ma a duba, sau da yawa ana jin muryarsa a bayan fage ko da ba shi aka ɗauka ba.

Wayar da ke kulle a ɗaki ita ce ta fi zama cikin haɗari. WhatsApp yakan rufe asusun da ya yi kwana 120 ba a hau shi ba, don haka wataƙila nasa ya riga ya rufu, amma abin da ke cikin wayar yana nan muddin ba a goge manhajar ba. Kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Google kuma ya sanar cewa yana iya share asusun da ya yi shekara 2 ba a taɓa shi ba, da duk hotunan da ke ciki. In an ɗauko wayar, a fara duba batirin: idan ya kumbura har bayan wayar ya ɗago, kada a sa ta a caji, a kai wa mai gyara ya canja shi. Idan lafiya yake, a bar ta a caji kamar awa guda kafin a kunna. A kunna ta ba tare da buɗe data ba, a kwashe hotuna da sauti da lambobin mutane zuwa kwamfuta tukuna. Kada a yi ta gwada lambar sirri da ka, domin wasu wayoyin suna kulle kansu, wasu ma an saita su su goge komai bayan kuskure 10. Babban kuskuren da aka fi yi shi ne kai wa mai gyara a ce ya buɗe ta kawai, shi kuma ya yi mata filashin, ya miƙo waya a buɗe babu komai a ciki. A faɗa masa baki da baki cewa abin da ke ciki ake so, ba wayar ba, kuma wani ya zauna a wurin. Abu ɗaya kuma: ko da layin yana haɗe da asusun bankinsa, kada kowa ya ciri ko kwabo ta wannan hanya. Kuɗin na magada ne duka, kuma da yawan rigimar gado daga nan take farawa.

Duk abin da aka tattara a yi masa kwafi uku, a ajiye a wurare iri biyu, misali kwamfuta da katin memori, ɗaya kuma ya kasance a wajen gidan, a hannun wani ɗan'uwa ko a ma'ajiyar intanet. Ku riƙa tura wa juna hotuna a matsayin fayil, domin turawa ta yau da kullum tana matse hoto ta rage masa kyau.

Bayan waya sai tsofaffi. Ki zauna ki rubuta sunayen waɗanda suka san Baba tun kafin a haife ku: gwaggonninki, baffanninki, abokan ƙuruciyarsa, waɗanda suka yi karatu ko sana'a tare. Ki jera su da wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya a sama, shi za ki fara zuwa wurinsa. Kowane ɗayansu yana riƙe da wani yanki na rayuwar mahaifinki wanda babu shi a wurin kowa.

Yadda ake zaman nan yana da muhimmanci. Ki nemi izini kafin ki naɗi murya. Ki zaɓi ɗaki mai shiru, a kashe fanka da rediyo, ki sa wayar yadda kira ba zai shigo ya katse ba, ki aje ta a kan matashi ko wani abu mai laushi, nisan kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana. Ki gwada na rabin minti ki saurara kafin a fara. Da farko ki faɗi kwanan wata da sunan wanda ke magana da dangantakarsa da Baba, domin bayan shekara 20 jikokinki ba za su gane muryar ba. Kada zama ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya; tsoho yana gajiya, gara a koma sau uku. Mutum ɗaya a lokaci guda, don in an haɗa biyu sai babba ya danne ƙarami, ko su yi ta gyara wa juna zance.

Tambayar da ba ta haifar da komai ita ce, "Gwaggo, wane irin mutum ne Baba?" Amsar da za ki samu ita ce mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci, Allah Ya jiƙansa. Gaskiya ce, amma haka ake faɗa a kan kowa. Ki tambayi abu ƙarami mai kama hannu. Wane ɗaki yake kwana yana yaro? Wa ya fi tsoro a gidan? Da me ya fara neman kuɗi, kuma me ya yi da na farkon da ya samu? Wace rana kika taɓa ganin ya yi kuka? Wane suna ake tsokanarsa da shi? Ki riƙe wani tsohon hoto ko wani abu nasa ki miƙa mata, hannu yana tuno abin da kai ya manta. In ta yi shiru kada ki cike gurbin, ki ƙirga goma a zuci. Mafi yawan labari mai daɗi bayan shirun yake fitowa. In labarin mutum biyu ya saɓa, ki ajiye duka biyun da sunan wanda ya faɗa, ba aikinki ba ne yanke hukunci. Abin da ya zama sirri ko aibi kuwa a rufa masa asiri. Amma halayensa na ɗan Adam, irin saurin fushinsa in an ɓata masa lokaci ko yadda ba ya iya riƙe dariya, a bar su, da su ne yaranki za su ga mutum a maimakon jerin yabo.

Umma ki bar ta zuwa lokacin da ta shirya. Takabarta ta wata huɗu da kwana goma ta ƙare, amma nata rashin ya fi na kowa tsawo. Kada ki zo mata da tambayoyi a jere. Ki zauna kusa da ita lokacin da take wani aiki, zancen zai zo da kansa.

A wajen waɗannan tsofaffi ne kuma za ki karɓi salsala: sunan kakanku, da na mahaifinsa, iya inda aka sani. Ki nace a kan sunayen mata, don su ne suke fara ɓacewa. Ki tambayi ciwon da aka yi fama da shi a dangi, ki rubuta wanda ya yi ajalin Baba. Hawan jini da ciwon suga da wasu cututtukan zuciya suna bin jini, kuma wannan bayani zai amfani ku biyar ɗin duk ranar da likita ya tambaya.

Takardu da hotuna abokan gabarsu ɗanshi ne da zafi da hasken rana da gara, kuma ɗakin da aka kulle wata takwas ba iska ya tara kusan dukansu. A cire ƙarafan da aka maƙale takardu da su domin suna tsatsa su ci takardar, a cire kyauro domin yana narkewa ya manne. Kada a liƙa salatif a wurin da ya yage; bayan 'yan shekaru yakan koma ruwan ƙasa ya bar tabon da ba ya fita. Kada a yi wa takarda ta asali laminatin, zafi ne da gam, kuma ba a iya warware shi. A yi wa kwafi in ana so. Rasit irin mai santsi na na'ura rubutunsa yana gogewa da kansa, a fara ɗaukar hotonsa. A yi sikanin takardu a ma'aunin kaifin hoto (dpi) 300, hotuna a 600. A bayan kowane hoto a rubuta sunayen waɗanda ke ciki da fensir mai laushi, ba biro ba. In akwai kaset, kada a sa shi a tsohon rediyon da aka daɗe ba a kunna ba, yana iya cinye zaren. Kuma ki nemi rubutun hannunsa, ko lissafi ne a bayan ambulan.

Sai maganar Yayanku. Ina ganin ba mugunta ce ta sa ya kulle ɗakin ba, nasa kukan ke nan. Ku mata an bar ku ku zubar da hawaye, shi an ce masa shi ne uba yanzu. Don haka kada ki tunkare shi da kalmar gado. Ki same shi shi kaɗai, ko ki bi ta wurin Baffa ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ki fara da bashi: "Yaya, mun tabbatar ba a bin Baba komai?" Ya zo a hadisi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Babu ɗan da zai ji wannan ya ci gaba da riƙe makulli, domin amsar tana cikin littattafai da wayar da ke ɗakin. Ranar buɗewa ku kasance aƙalla ku uku da Umma, a rubuta duk abin da aka samu, a ɗauki hotonsa, kowa ya sa hannu.

Tsarin shari'a a fili yake. Bayan hidimar jana'iza sai bashi, har da sadakin Umma in akwai saura, da amanar mutane da ke hannunsa. Kayan da suke mallakin Umma ne a ware su, ba sa cikin gado. Sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin abin da ya rage, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran. Sannan rabo. A yadda kika bayyana gidanku, idan iyayen Baba duka sun riga shi rasuwa kuma Umma ce kaɗai matarsa, dukiyar za ta kasu kashi 8: Umma ta ɗauki 1, wato tumuni, maza biyu kowa 2, mata uku kowa 1. In mahaifiyarsa ko mahaifinsa na da rai, kowannensu yana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, lissafin ya canja. Ku kai wa malamin da ya san ilimin gado ko alƙali, a yi a rubuce da shaidu.

Jinkiri ne yake watsa gida, ba rabo ba. Idan magaji ɗaya ya rasu kafin a raba, kasonsa ya koma ga nasa magadan, mutum shida su zama goma sha biyar, wasu ba su ma san juna ba. Shaidu suna mutuwa, darajar kaya tana canjawa, wanda ke zaune a gida ya yi gyara da kuɗinsa ya fara ganin nasa ne. Ki nuna wa Yaya cewa rabo ba ya nufin sayarwa. Ana iya ƙiyasta kuɗin gidan, a rubuta kason kowa, sannan ku amince Umma ta ci gaba da zama a ciki. Ƙananan kayan da zuciya ta fi so, hularsa da tabaransa da carbinsa da agogonsa, su ma gado ne: a yi musu kuɗi, mai so ya ɗauka cikin kasonsa, ko magada su yafe wa juna da bakinsu. In akwai wanda bai balaga ba a cikinku, babu mai ikon yafe haƙƙinsa. Tufafin da suka rage gara a bayar a sa su da a bar wa asu, amma kowa ya riƙe guda. In kina son ƙamshin ya daɗe, kada ki wanke taki, ki naɗe ta a busasshen wuri cikin abin da ke rufuwa sosai.

Yaranki kuma ba za su san kakansu ta hanyar zama guda ba. Ki riƙa sako shi cikin zancen yau da kullum: haka Kaka yake cewa in mutum ya makara, wannan addu'ar shi ya koya mini. Ki kunna musu muryarsa a ranar da kike da ƙarfin zuciya. In sun ga hawayenki ki gaya musu gaskiya, kewarsa kike yi. Da ƙaramin yaro a guji cewa ya yi tafiya ko yana barci, domin zai zauna jiran dawowarsa, ko ya fara tsoron barci.

Daga cikin abin da ke isa ga mamaci, hadisi ya ambaci sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ki duba abin da shi kansa yake yi a ɓoye: wa yake biya wa kuɗin makaranta, wace gwauruwa yake aika wa, wane ɗan'uwa yake leƙawa? Jerin kiran da ke wayarsa da littafin lissafinsa za su nuna miki. Ku ɗauki guda ɗaya da za ku iya riƙewa shekara da shekaru, ya fi babban aikin da za a fara a watsar. Akwai kuma abin da aka fi mantawa. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa. Da aka yi mamaki, ya ce mahaifin mutumin aminin Umar ne, kuma ya ji daga Manzon Allah cewa mafi girman biyayya shi ne ɗa ya sadar da zumuncin masoyan mahaifinsa. Abokan Baba su ma an yi musu rasuwa, kuma da wuya wani ya koma gaishe su bayan kwanakin ta'aziyya. Ki sa sunayensu a takardar nan taki ta sunayen tsofaffi. Ranar da za ki je wurin na farko, ki tafi da babban ɗanki, ki kuma tabbatar wayarki ta cika da caji.